Harold Wilson, mai lofe da ya hau mulki da kalmar "zamani"

Ranar Juma'ar da ta wuce bayan an sauko daga masallaci na biya gaida kawuna, na same shi a zaure ya kishingiɗa, 'yar rediyonsa a kan ƙirji kamar kullum, wani ɗan siyasa yana ta zuba a ciki wai da zarar an zaɓe su komai zai koma na zamani, kwamfuta a kowace firamare, intanet har ruga, fayil ɗin takarda kuwa sai dai a ba jikoki labari. Kawu ya rage murya ya ce, "Kai ɗan nan, wannan waƙar ai tsohuwa ce, tun ina masinja a Ikko wani Bature ya rera ta, kuma wallahi shi ya fi wannan murya." Na ce Kawu wane Bature kuma? Ya ce, "Wilsan mana, mai lofe."

Ni dai firaministocin Birtaniya da na riƙe a kai daga Thatcher ne zuwa su Blair, shi ma Blair ɗin albarkacin yaƙin Iraƙi ne. To maganar Kawu ta tsaya min a rai, na yi kusan mako guda kullum da daddare ina ƙona data a kan Harold Wilson, kuma abin da na fito da shi shi ne mutumin nan wayo ya sayar wa Turawa, sai dai ya naɗe shi a takardar kimiyya. Ba zagi ba ne fa, ni har burge ni ya yi.

An haife shi ranar 11 ga Maris 1916 a Huddersfield, garin masaƙu a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila. Su ma can arewa ce ke da ma'adinan kwal da hayaƙin masana'antu, 'yan kudu masu Landan kuma suna yi wa karin harshensu kallon na ƙauye, kuma Wilson har ya zama firaminista da wannan karin yake magana, ya san amfaninsa. Babansa Herbert aikin haɗa sinadarai yake a masana'anta, uwarsa Ethel ta yi koyarwa kafin aure. Wato ba talakawa tilis ba ne, kuma ba masu shi ba ne, irin gidan nan ne da albashi ɗaya ke riƙe da komai, ranar da ya tsaya kowa ya ji a jikinsa. Akwai wani hotonsa yana ɗan shekara 8, da gajeren wando da hula, babansa ya kai shi Landan ya tsayar da shi a ƙofar gida mai lamba 10 a titin Downing, gidan firaminista, ya ɗauke shi. Shekara 40 cif bayan nan ya shiga gidan a matsayin mai gida. In a nan ne ai cewa za a yi wani malami ne ya yi wa uban duba.

Shekarar 1930 ce ta gwada gidan. Yaron ya sha madara mara kyau a wajen yawon 'yan sikawut, taifod ta kwantar da shi wata da watanni, yana cikin jinya kuma aka sallami uban daga aiki, ya yi wajen shekara biyu yana zaman gida kafin ya samu wani aikin a kusa da Liverpool su tattara su koma can. Ni a ganina duk siyasar Wilson daga nan ta tsiro. Uban mutum ne mai ilimin kimiyya a hannu, ya iya aikinsa, amma ga shi zaune, alhali waɗanda suka gaji kamfanonin ba tare da sun san komai a kai ba suna nan daram. Yaron da ya ga wannan a gidansu ba sai an karanta masa littafin gurguzu ba. Shi da kansa ma ya sha yin raha cewa littafin Karl Marx bai wuce shafi na biyu ba ya ajiye.

Kansa kuwa yana ja sosai. A 1934 ya samu tallafin karatu ya shiga Jami'ar Oxford, ya karanci falsafa da siyasa da tattalin arziki, ya fito da daraja ta ɗaya a 1937, yana ɗan shekara 21 har ya fara koyarwa a jami'ar. Ya yi wa William Beveridge aikin bincike a kan rashin aikin yi, Beveridge ɗin nan shi ne wanda rahotonsa na 1942 ya zama tubalin tsarin kula da marasa ƙarfi a Birtaniya. Lokacin yaƙin duniya na biyu bai riƙe bindiga ba, gwamnati ta ajiye shi a ofis yana lissafin kwal, tan nawa aka haƙo, leburori nawa suka rage a rami. Ya auri Mary ranar 1 ga Janairu 1940, ita waƙe take rubutawa kuma siyasa ba ta dame ta ba ko kaɗan.

A zaɓen 1945 da jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta yi wa Churchill kaca-kaca, Wilson ya ci kujerar Ormskirk yana da shekara 29. A 1947 aka ba shi ma'aikatar ciniki, shekararsa 31, duk ƙarni na 20 ba a yi minista mai ƙarancin shekaru kamarsa a majalisar zartarwa ba. Lokacin komai da kati ake saye a Ingila saboda ƙarancin bayan yaƙi, abinci, tufafi, sai da lasisi da takardar izini. Wilson ya dinga soke dokokin nan ɗaruruwa, a 1949 da aka cire katin tufafi sai ga shi a jarida yana yaga katin da hannunsa. Tun a nan za ka gane mutumin ya san darajar kyamara. Ya taɓa zarmewa ma, ya ce wai fiye da rabin yaran ajinsu a firamare ba su da takalmi, jaridu suka yi masa ca, mutanen garinsu suka ji haushi, sai da ya dawo yana gyara zance.

Daga nan ne labarin ya fara yi min daɗi, don daga 1951 zuwa 1963 rawa kawai mutumin nan ya yi tsakanin ɓangarori biyu na jam'iyyarsa. Akwai 'yan hagu a ƙarƙashin Aneurin Bevan, ɗan mahaƙin kwal daga Wales, shi ne ya kafa tsarin asibiti kyauta a 1948. Akwai kuma 'yan sassauci a ƙarƙashin Hugh Gaitskell. A watan Afrilu 1951 Gaitskell yana ministan kuɗi ya ce dole mutane su fara biyan wani abu a kan tabarau da haƙoran roba, saboda ana neman kuɗin makamai, yaƙin Koriya ya taso. Bevan ya yi fushi ya ajiye muƙami, Wilson ya bi shi. Nan take 'yan hagu suka ɗauke shi nasu, wani dattijon jam'iyya har ya kira shi ɗan karen Bevan. Amma in ka duba dalilin da shi Wilson ya bayar, lissafi ne zalla, ya ce kuɗin makaman sun fi ƙarfin ƙasar, kuma gwamnatin Churchill da ta zo bayan nan sai da ta rage su. Bayan shekara uku Bevan ya sake yin zuciya ya fice daga shugabancin 'yan adawa a majalisa, kujerar ta faɗo kan wanda ke bi masa a yawan ƙuri'a, wato Wilson, shi kuwa ko kunya bai ji ba ya zauna abinsa. A 1955 da aka zo zaɓen shugaban jam'iyya, Gaitskell ya mara wa baya, aka ba shi kakakin jam'iyya kan harkar kuɗi. A 1960 kuma ya juya ya ƙalubalanci Gaitskell ɗin, ya sha kaye 166 da 81. A 1962 ya nemi mataimakin shugaba, George Brown ya kayar da shi.

In a majalisar mai shayi ne za a ce harshen damo gare shi, kuma 'yan jam'iyyarsa da yawa haka suke kallonsa. Amma ka tuna halin da Leba take ciki, ta faɗi zaɓe sau uku a jere, 1951 da 1955 da 1959, kuma kowace faɗuwa ta fi ta baya ciwo, su kuma sai faɗa suke a kan ko a ci gaba da alƙawarin mayar da masana'antu hannun gwamnati ko a goge shi daga tsarin mulkin jam'iyya, ga rigimar makamin nukiliya a gefe. Shi Wilson ya ga faɗan nan ba mai cin sa. Tun 1955 ya rubuta wa jam'iyyar rahoto ya ce mata kamar mai tuƙa tsohon keken nan ne mai ƙatuwar taya a gaba a zamanin jirgin sama, kuma keken ma ya yi tsatsa.

Sai Allah ya yi ikonsa, ranar 18 ga Janairu 1963 Gaitskell ya rasu yana da shekara 56, bayan 'yar gajeruwar jinya, a daidai lokacin da kowa ke ganin shi ne firaminista mai jiran gado. Mutanensa suka rasa tudun dafawa, ga George Brown nasu ne amma kowa ya san yana shan giya fiye da kima, sai wasu suka tsayar da James Callaghan, ƙuri'arsu ta rabu biyu. Wani daga cikinsu cewa ya yi zaɓi ne tsakanin ɗan damfara da mashayi. Zagaye na farko Wilson 115, Brown 88, Callaghan 41. Zagaye na biyu Wilson 144, Brown 103. Mutumin da aka kayar sau biyu cikin shekara uku ya zama shugaba. Shi ake jingina wa maganar nan cewa a siyasa mako guda ma dogon lokaci ne.

Faɗuwa kuma ta zo daidai da zama, domin a shekarar ce gwamnatin 'yan Konzabatib ta Harold Macmillan ta shiga uku. Ministan yaƙi John Profumo aka gano yana neman wata yarinya, Christine Keeler, wadda kuma take hulɗa da wani jami'in sojan ruwa na ofishin jakadancin Tarayyar Sobiyet, ya tashi a majalisa ya rantse ba komai tsakaninsu, a watan Yuni asiri ya tonu ya sauka. Wilson bai tsaya wa'azi a kan zina ba, ya ce shi tsaron ƙasa ne damuwarsa, ya bar jaridu su yi sauran aikin.

Ranar 1 ga Oktoba 1963 a taron jam'iyya a garin Scarborough ya yi jawabin da Kawu yake nufi. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san ƙarfe in ana zuga masa wuta ja yake fara yi, in zugar ta yi zuga sai ya koma fari fat, a lokacin ne maƙeri ke sarrafa shi yadda ya ga dama. To da wannan Wilson ya yi misali, ya ce sabuwar Birtaniya a cikin farar wutar juyin kimiyya za a ƙera ta, kuma babu wurin tsofaffin hanyoyi a cikinta, ko daga masu kamfani ko daga ƙungiyoyin ƙwadago. Ya yi maganar kwamfuta da injinan da za su ƙwace aikin mutane, ya yi maganar masana kimiyya da ke guduwa Amurka don ba a san darajarsu a gida ba, ya ce ƙasa ba za ta ci gaba da zama a hannun 'yan gado da ba su san aikin ba. Ka ga dabarar? Ɗan hagu ya ji an ce gwamnati za ta tsara tattalin arziki, ya tafa. Ɗan sassauci ya ji ba a ce za a ƙwace kamfanin kowa ba, ya tafa. Injiniya da malamin makaranta da akawu, irin su babansa Herbert, suka ji yau an yi magana da su. Faɗan shekara 12 ya rufe shi da kalma ɗaya, ba tare da ya ce wane ne mai gaskiya ba.

Kamar abokan hamayya sun ji suna so su taimake shi, a cikin watan nan Macmillan ya kwanta asibiti ya ajiye mulki, kuma maimakon a yi zaɓe sai manyan jam'iyya suka yi ƙus-ƙus, yana kan gadon asibiti ya ba Sarauniya Elizabeth sunan Alec Douglas-Home. Ɗauki-ɗora dai irin wanda muka sani. Home basarake ne, shi ne na 14 a jerin masu sarautar gidansu, ya yi makarantar 'ya'yan manya ta Eton, sai da ya ajiye sarautar ya je ya nemi kujerar majalisar wakilai bayan an riga an naɗa shi. Kuma ya taɓa faɗa wa ɗan jarida cewa in yana karanta takardun tattalin arziki da tsinken ashana yake lissafi. Haba, ai Wilson ya samu nama. Kullum sai ya ambaci basarake na 14 da tsinken ashanarsa. Amma tsohon ma ba kanwar lasa ba ne, ya mayar masa da cewa in aka bi salsala ai shi ma Wilson na 14 ne a gidansu. Wannan kam na yi dariya, ya rama.

Sai maganar lofe. A gaban jama'a kullum lofe ne a bakinsa, da rigar ruwa irin ta kowa da kowa, hutu a tsibiran Scilly maimakon ƙasar waje, hira kuma ta ƙwallon Huddersfield Town. A cikin gida kuwa taba mai kaurin nan ta attajirai ya fi so. Lofen ma aiki yake masa, in ɗan jarida ya jefo tambaya mai zafi sai ya tsaya kunna shi, ya ƙyasta ashana, ya zuƙa, ya busa, kafin nan ya gama haɗa amsa. Ya gane talabijin tun kafin sauran su farka. Har a ranar zaɓe, da ya ga BBC za ta saka wani wasan barkwanci da ma'aikata ke so kafin a rufe rumfuna da ƙarfe 9 na dare, sai da ya lallaɓa shugaban gidan aka ɗaga shi, don kada masu zaɓensa su dawo daga aiki su maƙale a gaban akwati.

Duk da wannan, da waƙar "shekara 13 na asara" da suka yi ta yi wa gwamnati, da ƙyar da jiɓin goshi ya sha. Zaɓen 15 ga Oktoba 1964, Leba kujera 317, Konzabatib 304, Libaral 9, rinjayen kujera 4 kacal a majalisa, tazarar ƙuri'a a duk ƙasar wajen 200,000. A daidai lokacin labari ya fito an tumɓuke Khrushchev a Mosko, washegari kuma Sin ta gwada bam ɗin nukiliyarta na farko, da abubuwan nan sun riga zaɓe da kwana biyu mai yiwuwa tsoro ya sa mutane su riƙe gwamnatin da suka sani. Ya shiga ofis ranar 16 ga wata yana da shekara 48.

Abin da ya tarar a kan tebur giɓin ciniki ne na wajen fam miliyan 800. Ya kafa ma'aikatar fasaha, ya kafa ta tsara tattalin arziki, a Maris 1966 ya sake kiran zaɓe ya samu rinjayen sama da kujera 90, amma duk ƙarfinsa a kan kare darajar fam ya ƙare, shekara uku yana tsuke bakin aljihu, ƙarshe a Nuwamba 1967 dole ta sa aka karya fam daga dala 2.80 zuwa 2.40. Ya fito a talabijin yana cewa wai fam ɗin da ke aljihunka darajarsa ba ta ragu ba. Mu da muka ga yadda naira ta yi ai ba sai an fassara mana wannan ba, kuma Turawan ma ba su yafe masa ba. Abin da ya tsaya da ƙafarsa daga farar wutar nan, a ganina, jami'ar karatu daga gida ce, wadda ta ɗauki ɗaliban farko kusan 25,000 a 1971, direba da matar aure da lebura suna digiri ta rediyo da talabijin da wasiƙa, irin abin da NOUN take yi a nan. Wadda ya damƙa wa aikin kuwa Jennie Lee ce, matar marigayi Bevan, wanda Wilson ya haye kujerarsa a 1954. Ya kuma ƙi tura soja Biyetnam duk matsin da shugaban Amurka Johnson ya yi masa, a nan kam wayon ya yi rana. A yaƙin basasarmu gwamnatinsa ta ci gaba da sayar wa gwamnatin tarayya makamai duk da zanga-zangar da ake masa a gida, har ya zo Legas ya gana da Gowon a Maris 1969.

Jiya na koma wajen Kawu da abin da na samo, na ce Kawu ashe mutumin naku sau huɗu ya ci zaɓe, ya faɗi a 1970 ya dawo a 1974, kuma a 1976 da kansa ya ajiye ba wanda ya kore shi. Ya ce shi duk wannan bai dame shi ba, zuwansa na farko ya riƙe. Janairun 1966 ne, taron ƙasashe renon Ingila da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kira a Legas a kan Ian Smith da Turawan Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, da suka ɓalle, karo na farko da aka yi irin taron a wajen Landan. Kawu ya ce an share tituna, an kafa tutoci, shi kuma yana ta kai takardu a keke, sai an tsayar da su a bakin hanya jerin motoci sun wuce. A taron ne Wilson ya faɗa wa shugabannin Afirka cewa takunkumi zai durƙusar da Smith cikin makonni, ba ma watanni ba. Na ce Kawu ai sai 1980 Zimbabwe ta samu kanta, shekara 14 ke nan. Ya ce ya sani.

Ya yi shiru, ya jujjuya rediyon a hannunsa, sannan ya ce an tashi taro ranar 12 ga wata, baƙi suka hau jirgi, ranar 15 da asuba aka zo aka tafi da Abubakar, a Kaduna kuma aka kashe Sardauna. Ya ce tutocin ma ba a gama saukewa ba. Daga nan ya miƙo min rediyon ya ce in duba masa batir, tun safe take shaƙewa.